Kullum wanda aka cuta ake wa wa'azin gafara, shi mai laifin fa?

Ko wace majami'a ka zauna a arewacin nan, ECWA ce ko COCIN ko EYN ko Katolika, da wuya wata ya wuce ba ka ji wa'azi a kan gafara ba, kuma hakan daidai ne tunda da bakinmu muke roƙo a Addu'ar Ubangiji cewa a gafarta mana laifofinmu kamar yadda mu ma muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. Abin da ke damuna shi ne kusan duk wa'azin nan mutum ɗaya yake nufa, wato wanda aka cuta. Shi ake ce wa ka yafe, ka manta, ka bar wa Allah. Wanda ya yi cutar kuwa yana zaune a bencin gaba yana gyaɗa kai yana amin, ba mai taɓa shi.

Duk wanda ya taɓa zama a sasancin da dattawan ekklesiya ke yi ya san yadda abin ke tafiya. Mace ce mijinta ya rasu, ko wata uku ba a yi ba ƙanen mijin ya sa hannu a gonar da take noma wa marayu abinci, ya ce ai gonar gidansu ce. Ta kai kuka, aka kira su bayan sujada, aka jera kujerun roba a ofishin fasto, aka buɗe da addu'a. Shi mutumin ya buɗe baki ya ce "to in ma na ɓata miki rai ki yi haƙuri", shi ke nan ya gama nasa, sai kowa ya juya kanta, Mama ki dubi Allah, Mama ai ya ba ki haƙuri, Yesu ma ya yafe wa waɗanda suka gicciye shi. Ta share hawaye da bakin zane ta ce ta yafe don ba ta son a ce ita ce mai taurin zuciya, aka yi musafaha aka rufe da addu'a. Gonar kuma tana hannunsa, damina ta zo ya shuka masararsa.

Wannan zalunci ne aka ɗora wa aya, kuma Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in kana miƙa baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan a gaban bagaden, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa. Ku lura da wanda aka tayar daga wurin sujada, mai laifin ne, shi aka ce ya taka ya je, kuma Allah ya yarda baikonsa ya jira. Mu kuwa mun juya abin, mutum zai cinye kuɗin adashen zumuntar mata ko ya riƙe ladan lebura, ranar godiyar kaka ya fito da buhu biyu ana masa guɗa, ba wanda zai ja shi gefe ya ce ɗan'uwa fara biyan mutane haƙƙinsu.

Tun a shari'ar Musa ma neman gafara yana tafe da biya. Littafin Ƙidaya 5:6-7 ya ce wanda ya cuci wani ya furta laifinsa, ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi 1 cikin 5 a kai. Zakka mai karɓar haraji a Yariko ya wuce nan nesa, a Luka 19 ya tsaya gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, duk wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki 4, bayan ya faɗi haka ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Tuban da ya taɓa aljihu ke nan. Ba na jin akwai gwauruwar da za a roƙa ta yafe wa irin Zakka, da kanta za ta yafe tun kafin a tambaye ta.

Kar wani ya ɗauka ina ba wanda aka cuta lasisin riƙo. Babu wannan ƙofar. Bitrus ya tambaya ko yafe wa ɗan'uwa sau 7 ya isa, Yesu ya kai shi lissafin da ba ya ƙirguwa, ya kuma kawo misalin bawan da aka yafe wa bashin talanti 10,000 amma ya fita ya shaƙe wuyan abokin aikinsa a kan dinari 100, alhali dinari guda ladan yini ɗaya ne kawai na lebura a wancan zamanin. Duk Kiristan da ya san girman abin da aka yafe masa a kan gicciye ba shi da bakin cewa ni har abada ba zan yafe ba. Ramuwa ma an karɓe ta daga hannunmu a Romawa 12:19. Wannan duk na yarda da shi da zuciya ɗaya.

Inda muke tuntuɓe shi ne mun haɗa abu uku mun dunƙule su wuri guda, sakin ƙiyayya daga zuciya, da komawa zama kamar da, da janye hukunci. Na farkon wajibi ne ko mai laifi ya tuba ko bai tuba ba. Sauran biyun kuwa suna da sharaɗi, ai a Luka 17:3 cewa aka yi in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa, tsawatarwar ce ta riga zuwa amma ita ce muke tsallakewa. Paparoma John Paul na biyu da aka harbe shi a watan Mayun 1981 ya yafe wa Mehmet Ali Agca wanda ya harbe shi, har kurkuku ya je ya zauna da shi a Disambar 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000, kuma ba wanda ya ce gafarar Paparoma ta jabu ce don haka. To me ya sa mu idan miji ya fasa wa matarsa baki, ta gudu gidan iyayenta da kumburarren ido, sai a tura mata 'yan zumunta su ce ki koma, mace Kirista ba ta riƙo? Za ta iya yafe masa a ranta tana gidan ubanta, komawa kuwa sai an ga canji na gaske, in abin ya kai na 'yan sanda a kai. Mun binne mata da aka mayar ɗaki da sunan gafara, wannan kowa ya sani.

Sannan gafara tana cin lokaci, ba a matse ta a zama ɗaya. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf, Imam Muhammad Ashafa da ke ɗaya ɓangaren kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare, kuma shi Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa alhali zuciyarsa ba ta huce ba. In fasto ya ɗauki shekaru, dan Allah ina dalilin tsare yarinyar da aka lalata wa rayuwa a ce sai ta furta "na yafe" kafin a tashi taro?

A matakin ƙasa ma cutar ɗaya ce. Kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam da Obasanjo ya kafa a 1999, wanda Fada Matthew Kukah ya yi wa sakatare, ya saurari kukan mutane da yawa, amma tsoffin shugabannin soja uku suka ƙi bayyana, gwamnati kuma ba ta fitar da rahoton a hukumance ba. Talakawa suka zo suka yi kuka, manya ba su ce uffan ba, aka ce mu manta mu ci gaba. Gwamnatin Simon Lalong a Filato ta ware 7 ga Fabrairu a matsayin ranar yafiya, niyya ce mai kyau, sai dai mutumin da har yau yake gudun hijira yana kallon wani na noma gonarsa, da me za ka lallashe shi ranar nan in ba a yi maganar mayar masa da ƙasarsa ba?

Roƙona ga fastocinmu da dattawa shi ne a raba nauyin nan daidai. Idan an zauna sasanci a fara da mai laifi, ya faɗi abin da ya yi da sunansa ba tare da "in ma" ba, a tambaye shi me zai mayar kuma yaushe, a rubuta, a sa dattijo ɗaya ya bi sawu. In ya ƙi, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa matakan, daga kai da shi, zuwa shaidu biyu ko uku, zuwa gaban ekklesiya, kuma horon da muke saurin ɗora wa yarinyar da ta yi ciki a gida ya kamata ya hau kan mai kuɗin da ya cinye gadon marayu, ko da shi ne ya saya wa majami'a janareto.