Kawu da amanar 'ya'yan tiriton

Ɗan Boko ya dawo Damagaram daga Faransa da wasu 'yan halittu cikin kwalba, wai sunansu tiriton, wasu dangin kwaɗo masu jela, 'ya'yansu a ruwa suke rayuwa. Tafiyar kwana 3 ta kama shi zuwa Yamai, ya bar wa Kawu amana. Ga shi yau ya dawo.

Ɗan Boko: Kawu ina wuni... subhanallahi! Me ya sa ruwan nan ya yi fari fat?

Kawu: Fura ce. Ludayi ɗaya tak na zuba, mu nan Birni ba mu barin baƙo da yunwa, ko da talibambam ne.

Ɗan Boko: Ba talibambam ba ne Kawu, shi ƙafar baya ke fara fito mishi, waɗannan ta gaba ce, kuma dubi gezar nan ta wuyansu da ita suke numfashi. Ba su cin komai sai mai rai, mai motsi.

Kawu: Ko kilishi?

Ɗan Boko: Kilishi na motsi ne?

Kawu: In ka kusanto da shi bakina ka ga motsi.

Ɗan Boko: Ai na nuna maka artemiya ɗin nan, 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa da nake ƙyanƙyasawa a ruwan gishiri cikin bidon, safe kaɗan yamma kaɗan, abin da suka rage ka tsotse shi da tiyo don cikin 'yan awoyi yake mutuwa ya ɓata ruwa. In sun tasa sai tsutsar sauro.

Kawu: Tsutsar sauro! Likita na rabon gidan sauro kai kana kiwonshi, to wannan karatun naka dai an cuci gonar da aka sayar. Shi kaɗan ɗin tiya nawa ne?

Ɗan Boko: Babu tiya. Cikinsu ake dubawa, fatar shara-shara ce, in ka ga cikin ya taso ya yi ruwan goro sun ƙoshi. Tsaya... guda 20 na bari, ya nake ganin 7?

Kawu: Tambayi wancan ƙaton na lungu. Ina kallo ya haɗiye ƙanenshi har jela, na ce to shari'ar gado ce ba ni shiga.

Ɗan Boko: Haba Kawu, ai ware manya ake yi daban! Kuma wa ya fito da su rana? Ruwansu bai kamata ya wuce digiri 20 ba, ga shi garin ya haura 40.

Kawu: Da aka ɗauke kuran cikin randa na sa su, Innarka ta zo da moɗa cikin duhu... guda biyu dai a nan ka nemo su.

Ɗan Boko: Inna ta SHA?!

Kawu: Ta ce ruwan da ɗan motsi. (ya yaye riga) Kai tun da ciki kake dubawa, zo dubi wannan, tun safe bai ga ruwan goro ba.