Injin ya iso, amma wa zai auna yaron?

Tun da aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a Yulin 2025, tare da na Inugu da Benin, zance ɗaya ake ta juyawa: na'ura kaza ta iso, biliyan kaza aka kashe. Madalla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu tafi suka ɗauka na'ura ce ke tsare majinyaci. A sashen da ake yi wa yaro allurar sinadari mai tururin nukiliya don a ɗauki hoton ƙodarsa ko ƙashinsa, kuskure a cikin sirinji yake faruwa, tun ba a kunna injin ba.

Da nauyin yaro ake auna wannan allura. Ƙa'idar da likitocin Arewacin Amurka suka amince da ita a 2010 ta ce a hoton ƙoda da ake ɗauka da sinadarin DMSA, megabekaral 1.85 ne ga kowane kilo (megabekaral ma'aunin ƙarfin tururin ne). Yaro mai kilo 15 zai samu kusan 28 ke nan. To, idan ba a ɗora shi kan sikeli ba, aka dube shi da ido aka ce "ai wannan ya kai 25", an riga an zarce. Idan takarda ta zo da milikuri, wato wani ma'aunin na daban, aka karanta ta da megabekaral, bambancin ninki 37 ne. Sinadarin teknishiyom, wanda shi ne mai fitar da tururin a cikin allurar, kuma rabin ƙarfinsa yake zubarwa duk awa 6, don haka sirinjin da aka haɗa don ƙarfe 2 na rana, idan aka ɗauka da ƙarfe 8 na safe, ninki biyu aka ɗura wa yaron. Kuma abin da ya shiga jijiya ba ya dawowa sirinji.

Masu cewa "ai ɗan kaɗan ne" su tuna jikin da ke girma ya fi na babba jin tururin, ga shekaru masu yawa a gabansa da illa za ta iya bayyana. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Canobil da ke Yukren a 1986, sama da mutum 6,000 da suke yara a lokacin sun kamu da kansar tayirod, ƙwayar da ke gaban maƙoshi, zuwa 2005. Allurar hoto ba ta kusa da wancan ba, amma darasin a kan jikin yaro yake. Masu cewa a hana yara hoton ɗungurungum kuwa ba su taɓa ganin ƙodar da ta lalace saboda rashin bincike ba.

Hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, NNRA, ce ke ba da lasisi. Kada ta sa hannu wa kowace cibiya sai ta ga ƙwararren masanin auna tururi a bakin aiki, da sikeli mai lafiya, da mutum biyu suna duba sunan yaro da adadin allura kafin a soka. Ma'aikatar Lafiya kuma ta gaya mana irin waɗannan ƙwararru nawa ta ɗauka aiki, kamar yadda ta gaya mana kuɗin injin.