Nasarar Ia Drang da ake ta yayatawa

Wani marubuci ya ce jirage masu saukar ungulu ne suka bai wa rundunar mahaya doki ta ɗaya ta Amurka nasara a kwarin Ia Drang, a Biyetnam, cikin Nuwamban 1965. To, rabin labari ya kawo. Gaskiya ne rundunar, wadda sunan doki kawai ta gada, ta sauka sansaninta na An Khe da jirage sama da 400, kuma ran 14 ga wata jiragen Huey masu saukar ungulu suka yi ta jigilar mutanen Laftanar-Kanar Hal Moore zuwa filin saukar jirage da suka raɗa wa suna X-Ray, suna sauke harsasai suna kwashe masu rauni ana ɓarin wuta. Amma ran 17 fa? Wata bataliyar ta taka da ƙafa zuwa filin Albany, sojojin Arewacin Biyetnam suka yi mata kwanton ɓauna cikin doguwar ciyawa, suka manne mata ƙirji da ƙirji yadda in Amurkawa suka yi ruwan bom zai haɗa har da mutanensu. Amurkawa 155 suka mutu a wurin. Malam marubuci, kai da ka rubuta cewa mai jirgi ba ya faɗuwa, a Albany me jirgin ya tsinana musu?