Man Ƙaiƙayi a Bakin Yaro: Manja Ba Magani Ba Ne

A Kano yaro na haɗiye man shafawa sai a ɗura masa madara ko ruwan gishiri don ya yi amai. A nan zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, manja ake fara rarumowa. Duka biyun kuskure ne, amma a ganina na nan ya fi muni.

Dalili kuwa, ba kowane man ƙaiƙayi ne ke da haɗari iri ɗaya ba. Hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, in yaro ya lasa, yawanci bai wuce tashin zuciya ko ɗan zawo ba. Calamine da ake shafa wa ƙurajen zafi ma haka. A goge baki, a kurkure, a ba shi ruwa kaɗan.

Abin tsoro shi ne man zafi irin su Robb, da iyaye ke shafa wa cizon sauro saboda sanyinsa. Akwai kafur a ciki da methyl salicylate, ɗan'uwan asfirin. Kafur na shiga jini da gaggawa, yana iya jefa yaro cikin jijjiga a tsakanin minti 5 zuwa 90, kuma gram 1 ya taɓa kashe ƙaramin yaro. To shi kafur a mai yake narkewa, don haka manja hanya yake share masa zuwa jini. In aka matsa wa yaro ya yi amai kuma jijjiga ta zo, aman huhu zai faɗa. Masu jefa man zafi cikin ruwan zafi su ba yaro don tari, a can gida da nan, don Allah ku bari.

Sai benzyl benzoate na ƙazwa, fari sol kamar madara, a kwalba mai kama da ta maganin sha; shi ma yana kawo jijjiga. Man shafawa mai ɗauke da diphenhydramine, wani maganin ƙaiƙayi, kuwa barci mai nauyi yake sawa da bugun zuciya da sauri.

In ɗayan waɗannan uku ne, kada a jira alama. A duba lokaci, a kimanta abin da ya ragu, a ɗauki kwalbar a tafi da ita. A Kano adaidaita sahu za a tara. A nan a kira lambar gaggawa ta 112, ko a tari pragya, wato adaidaita sahun nan, zuwa asibiti mafi kusa ko babban asibitin Komfo Anokye. In jijjiga ta fara a hanya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.