Aƙidarmu ɗaya da su, amma ko Billy Graham bai tsira a hannunsu ba

Duk wanda ya taso a cocin ECWA kaman ni, in ka kawo shi nan Greenville a jihar Karolina ta Kudu a Amurka ka miƙa mai takardar aƙidar cocin 'yan Baptis ɗin nan masu ra'ayin riƙau, waɗanda suke kiran kansu fandamentalis, zai karanta daga sama har ƙasa yana gyaɗa kai ne kawai. Littafi Mai Tsarki hurarre ne babu kuskure a cikinsa, budurwa ce ta haifi Yesu, ya mutu a kan gicciye a madadinmu, ya tashi daga matattu da jikinsa, al'ajiban da ya yi sun faru da gaske. Wannan ai shi aka koya mana a ajin baftisma da Hausa, a kan benci, malamin bishara na riƙe da bulala a gefe. Su waɗannan biyar ɗin babban taron cocin Presbiteriyan na Amurka ne ya jera su a 1910 lokacin da malaman tauhidi na zamani suka fara cewa wai labarin Yunusa da kifi tatsuniya ce, kuma a shekarar ne aka fara fitar da wasu ƙasidu guda 90 cikin juzu'i 12 har zuwa 1915, wasu attajiran man fetur 'yan gida ɗaya, Lyman da Milton Stewart, su suka biya kuɗin aka raba wa fastoci da 'yan mishan kyauta. Turawan mishan na SIM da suka kafa mu ma ruwan da suka sha kenan, Rowland Bingham da ya fara zuwa ƙasarmu a 1893 mutumin wannan layin ne. Toh a aƙida dai ban ga wani bambanci ba.

Inda muka rabu shi ne maganar keɓewa, kuma su a wajensu ita ce babbar magana, wani lokaci har sai ka ga kaman ta fi biyar ɗin can nauyi. Ayarsu tana Korintiyawa ta biyu sura 6, inda aka ce ku fito daga cikinsu ku keɓe. Hawa na farko kowa ya sani, ka rabu da duniya, ba giya, ba rawa, ba gidan sinima, mace ba ta sa wando, kiɗan coci fiyano ne da waƙoƙin littafi, ganga kam ko kusa. Wannan bai ban mamaki ba sam, mu ma wanda aka kama da burkutu horo ake sa shi ya koma bencin baya ba ya cin jibin Ubangiji, kuma duk wanda ya san 'yan Deeper Life na da ya san ba 'yan kunne ba talabijin. Hawa na biyu shi ne ya ɗaure min kai. Bayan ka rabu da mai koyarwar ƙarya, dole kuma ka rabu da ɗan'uwanka mai bi na gaskiya wanda kun yarda da komai tare, in dai shi bai rabu da wancan ba. Wato laifinsa kawai ya zauna tebur ɗaya da wanda ba a so.

Abin da ya faru da Billy Graham, shahararren mai wa'azin nan na Amurka, kenan. Mu a gida sunansa kaman na waliyyi ne, ya zo Najeriya a 1960 ya yi wa'azi, tsofaffinmu har yanzu suna labarin. A nan kuwa akwai fastocin da in ka ambace shi sai fuska ta canza. Dalili, a 1957 da ya yi babban taron wa'azi a birnin New York ya karɓi goyon bayan majalisar coci-cocin birnin wadda a cikinta akwai masu sassaucin aƙida, shikenan manyan masu wa'azinsu su Bob Jones babba da John R. Rice suka yanke hulɗa da shi, alhali fa Graham ɗin ya taɓa zama ɗalibi na ɗan lokaci a makarantar Bob Jones ɗin a 1936. Ba wanda ya ce ya musanta tashin Yesu ko ya canza bishara, zama da mutane ne kawai laifin. Jami'ar Bob Jones ɗin nan garin take tun 1947, kullum ina wuce ta a hanyar aiki, shi ya sa maganar ba ta barin kaina.

Ni dai ra'ayina, kuma na san wasu za su ji haushi, irin wannan keɓewa sai wanda yake kwance lafiya a garinsu ne zai iya ta. A nan kowane kwana ka juya coci ne, in kun saɓa da fasto kan ko za a sa majigi a bango sai ka kwashi iyalinka da mutum ashirin ku kama hayar shago ku buɗe naku, ba wanda zai taɓa ku, ba wanda zai hana ku fili. Je ka faɗa wa Kirista a Malumfashi ko Tudun Wada ta Kano ko Potiskum cewa kada ya zauna taro da ɗan Katolika, zai dube ka ne kawai. Ranar da ake neman takardar filin coci ko filin maƙabarta ko aka ɗauke yarinya ko gari ya rikice, ba mai tambayar ka ko baftismar nutsarwa aka maka ko ta yayyafi. Shi ya sa a cikin CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya da aka kafa a 1976, ECWA da TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya) suke zaune tare da Katolika da Angilikan da 'yan farar riga da 'yan Fentikos, kuma in da ma'aunin mutanen nan za a auna mu to gaba ɗayanmu mun faɗi tuntuni. Ba wai ba mu da namu layin ba fa. Byang Kato ɗan Kwoi, wanda ya riƙe sakataren ECWA kuma ya yi karatun tauhidi a Dallas ta Amurka, har ya rasu a 1975 yana yaƙi da gauraya bishara da wasu addinai da kuma tafiyar majalisar coci-coci ta duniya. Amma faɗansa a kan koyarwa ne, bai ce kar ka gaisa da maƙwabci ba.

'Yan'uwana Musulmi da muka taso unguwa ɗaya za su gane zancen nan da sauri, don sun ga lokacin da Izala ta taso a Jos a 1978 aka yi ta rigimar bin ɗan ɗarika salla da cin yankansa, gida ɗaya wa da ƙane kowa da masallacinsa, daga baya ita kanta ƙungiyar ta rabu ɓangaren Jos da na Kaduna. Nan ma haka abin ya tafi. Malamin tauhidi J. Gresham Machen ya fita daga babban cocin Presbiteriyan ya kafa nasu a 1936, shekara ɗaya tak Carl McIntire ya ɓalle daga cikinsu kan batun giya da yadda zuwan Yesu na biyu zai kasance. In ka mai da rabuwa ibada to ba ta da birki, gobe kai ma wani zai ga ba ka keɓe sosai ba.

Sai kuma rigimar juyin Littafi Mai Tsarki na King James na 1611, wanda da yawansu suka ce shi kaɗai ne maganar Allah a Turanci, har a allon ƙofar coci suke rubutawa. Na tambayi wani dattijo a cikinsu, mutumin kirki ne gaskiya, na ce toh Baba, kakata da ta rayu ta mutu da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, ita me ta karanta kenan? Ya yi shiru ya ce zai tambayi fasto. A yi adalci dai, ba dukansu ne ke kan wannan ba, ita jami'ar Bob Jones ɗin ma ba ta yarda da wannan ra'ayin ba kuma ta sha zagi daga 'yan'uwanta a kai.

Akwai abin da yake burge ni a wajensu kuma ba zan ɓoye ba. Sun san Littafi, yaro ɗan shekara goma zai kawo maka aya da sura ba tuntuɓe, ranar Asabar suna bin gida gida da bishara, suna tura bas unguwannin talakawa su kwaso yara zuwa Sande Sukul, kuma ba za ka taɓa jin fastonsu yana sayar da man shafawa ko yana cewa ka shuka iri ka sami mota ba, abin da ya cinye coci-cocinmu na birni yanzu. Amma kalmar nan da suke alfahari da ita, wai kowace ikilisiya mai cin gashin kanta ce, tana ban tsoro. Mu muna ƙorafin DCC, wato majalisar cocinmu ta gunduma, da hedkwata a Jos, a ce sun cika taro da neman kuɗi, amma ko ba komai in fasto ya yi ba daidai ba akwai inda za a kai ƙara a ɗauke shi. Nan fasto ba kowa a samansa, in ya lalace sai dai ka tattara ka tafi, in ka tafi kuma a ce ka ja da baya.

Wani abin kuma da ni baƙar fata ba zan iya tsallakewa ba, keɓewar nan ta taɓa shiga har launin fata. Jami'ar Bob Jones ba ta ɗauki baƙaƙe ba sai 1971, ta hana soyayya tsakanin fari da baƙi da sunan Littafi Mai Tsarki, ta gwammace ta rasa rangwamen haraji a kotun ƙoli a 1983 da ta janye dokar, sai a 2000 ta janye, a 2008 ta fito ta nemi gafara. Na yaba da neman gafarar, amma shekara da shekaru suna da tabbacin aya ce ta ce haka, da irin tabbacin da suke da shi yau kan wando da ganga. Ina zuwa sujadarsu wani lokaci in an gayyace ni, ina jin daɗin wa'azin, amma takardar zama memba kam ban cika ba, don da na sa hannu sai in fara lissafin da wa zan daina zumunci, kuma na farko a layin zai zama ƙanwar mamata ce da take Katolika a Kafanchan, wadda ita ta biya min kuɗin jarrabawar WAEC.