Filin Indianapolis ya karɓi baƙi, amma kada a taɓa babban zagayensa

Duk filin tseren da ke son ya ɗore sai ya koyi karɓar baƙi. Kuɗin gyaran kwalta da kujerun 'yan kallo ba ya jiran ranar gasa, shekara ce cur ake kashe shi. Shi ya sa ban ga laifin masu filin tseren motoci na Indianapolis da ke jihar Indiana ta Amurka ba, da suka buɗe ƙofa ga tsere iri-iri bayan shekaru masu yawa suna gasa ɗaya tilo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sauya wa babban zagayen filin kama don jin daɗin baƙo.

A shekarar 1909 Carl Fisher da abokansa uku suka gina filin. Tsawon zagayensa mil biyu da rabi ne, wato kimanin kilomita huɗu. Kwana huɗu gare shi, kowace rubu'in mil, kowace an ɗan karkatar da ita da abin da ya haura digiri 9 kaɗan. Tsakaninsu akwai dogayen miƙaƙƙun hanyoyi biyu da gajeru biyu. A takarda kwanonin nan duk ɗaya suke, amma direbobi ba su ɗauke su ɗaya ba, domin iska da zafin rana da inuwar rumfunan 'yan kallo suna sauya yadda taya ke riƙe ƙasa a kowace. Kuma a wajen kowace kwana bango ne ke jira, babu fili mai ciyawa da direba zai kauce ya tsira.

Da tsakuwa da kwalta aka fara shimfiɗa hanyar, ta kuwa farfashe a tseren motocin farko na watan Agustan 1909, aka yi asarar rayuka. Kafin shekarar ta ƙare aka shimfiɗe ta da jan bulo miliyan 3.2. A 1911 aka fara gasar mil 500, zagaye 200, Ray Harroun ya lashe ta da wata mota ƙirar Marmon wadda ya maƙala wa madubin duba baya maimakon ɗaukar bakanike a gefensa. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar filin cikin ciyayi har Tony Hulman ya saye shi a 1945 ya farfaɗo da shi. Zuwa 1961 kwalta ta rufe bulon baki ɗaya, sai yadi guda da aka bari a layin farawa da ƙarewa.

Baƙo na farko mai nauyi shi ne NASCAR, gasar Amurka ta motoci masu kama da na hawa, a 1994, kuma Jeff Gordon ne ya ci wannan tseren. Masu tsattsauran ra'ayi sun yi ƙorafi a lokacin, amma motocin NASCAR sun zo ne suka bi zagayen yadda suka same shi. Formula One kuwa, babbar gasar tseren motoci ta duniya, sai da aka yi mata hanya ta musamman a tsakar filin, mai kwana 13, wadda ke karkaɗa cikin fili sannan ta hau wani ɓangare na babban zagayen, motoci na zagayawa ta ɓangaren da ya saɓa wa wanda aka saba. Daga 2000 zuwa 2007 aka yi wannan gasa.

Abin da ya faru a 2005 ya cancanci a tsaya a kansa. Kwana ta 13 ta hanyar Formula One ita ce kwana ta farko ta babban zagayen, ana shigarta da gudu ba a taka birki ba. Lokacin gwaji tayar bayan motar direba Ralf Schumacher, ƙirar kamfanin Michelin, ta fashe a nan, ya daki bango. Kamfanin Michelin ya ce ba zai iya lamunce wa tayoyinsa su jure tseren ba, ga shi dokar wannan shekara ta hana sauya taya a tsakiyar gasa. Aka roƙi a kafa wata 'yar lanƙwasa kafin kwanar don rage gudu, hukumar FIA mai kula da gasar ta ƙi. Ranar Lahadi motoci 14 masu tayoyin Michelin suka yi zagayen ɗumi suka koma gareji, shida kacal masu tayoyin Bridgestone suka tsaya a layi. 'Yan kallo suka yi ta ihu suna jifa da gwangwanaye. Tabbas an cuce su, kuma daidai ne da Michelin ya mayar musu da kuɗin tikiti. Sai dai ni ina ganin ƙin taɓa kwanar daidai ne. Shekara biyar ana bi ta wannan kwana, kowa ya san halinta, wanda ya zo da tayar da ba ta dace ba shi ke da gyara.

Wani zai ce tsaron rai ya fi tarihi, kuma gaskiya ne. Amma filin bai ƙi gyara ba. A nan aka fara kafa katangar SAFER mai shanye ƙarfin karo a 2002, ba tare da an lanƙwasa hanyar ba. Da MotoGP, gasar tseren babura ta duniya, ta zo da baburanta daga 2008 zuwa 2015, sai aka yi musu wata lanƙwasa a ciki da ke kauce wa kwana ta farko, saboda mahayin babur ba shi da ƙarfen da zai kare shi daga bango. Haka ya kamata: baƙon da babban zagayen bai dace da shi ba a yi masa ɗakinsa a cikin gida.

Bayan ɗan kasuwa Roger Penske ya sayi filin a farkon 2020, an mayar da babban tseren NASCAR kan hanyar ciki daga 2021 zuwa 2023. Na fahimci dalili, 'yan kallo sun ragu tun bayan tseren 2008 da tayoyi suka riƙa cinyewa cikin 'yan zagaye kaɗan, kuma manyan motocin nan suna wahalar wuce juna a kwanonin da ba su da karkata sosai. Duk da haka hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe akwai ta a filaye da dama, zagayen 1909 kuwa a nan kaɗai yake. A 2024 aka dawo da tseren kansa, Kyle Larson ya lashe, kuma ina fatan a bar shi a nan. Hanyar ciki na da nata aikin, tun 2014 IndyCar, wato motocin da ke gasar mil 500, ke gasa a kanta a watan Mayu kafin babbar ranar mil 500.