Ka duba Z kafin ka turo wa mutane zane

Wannan ja-in-jar da ake yi tun shekaranjiya a kan zanen rukunin shagunan nan da aka mayar wa mai shi, ni ban ga abin jayayya a ciki ba. Wanda ya turo fayil ɗin na AutoCAD, manhajar zanen gini, shi ne da laifi, don bai duba Z ba, wato tsayin da kowane layi yake kai a cikin zanen. Yaron da ya ce ba zai ɗora aikinsa a kai ba ya yi daidai, kuma masu cewa ya yi wa babba rashin kunya, don Allah ku ji tsoron Allah.

Zane ne na 2D, wato shimfiɗaɗɗe mai tsawo da faɗi kawai, amma layukansa suna warwatse a tsayi daban-daban. Katanga tana kan sifili, ginshiƙai suna can sama da mita 400, layi ɗaya ma kansa yana ƙasa gindinsa yana sararin sama. In ka kalle shi daga sama, komai ya haɗu tsaf. Ka juya shi ka kalle shi ta gefe, sai ka ga abu kamar an watsa wa kaji tsaba. Shi ya sa FILLET, umarnin haɗa kusurwar layuka biyu, ya ƙi, yana ce maka layukan ba sa kan shimfiɗa ɗaya. JOIN mai haɗe layuka su zama ɗaya ya ƙi. HATCH mai cike fili da zane ya ce iyaka ba ta rufe ba, alhali idonka yana ganin ta a rufe. Sai a ce kwamfutar ce ta tsufa, ko a ce AutoCAD ɗin ne ya lalace. Manhajar nan tun 1982 take hannun mutane, lafiyarta ƙalau. Z ɗinka ne ba ka duba ba.

Kuma mun san inda abin yake samo asali. Safiyo ya kawo awon fili, kowane ɗigo da tsayinsa na gaskiya daga gaɓar teku, a Kano kuwa wannan ya haura mita 400. Kai kuma ka buɗe, ka fara jan layi kana liƙawa a kan ɗigonsa, layinka ya kwashi tsayin ba ka sani ba. Safiyo bai yi laifi ba, aikinsa ke nan, da wannan tsayin ake sanin inda ruwa zai bi. Kai ne ya kamata ka sa OSNAPZ, saitin da ke hana layinka kwasar tsayin ɗigon da ka liƙa, a kan 1 tun kafin ka ja layin farko.

Masu cewa "ai a takarda ya fita daidai" su ne suka fi ba ni haushi. Magini ne kaɗai yake aiki da takarda. Injiniya da mai lissafin kayan gini fayil suke buɗewa, daga cikinsa suke auna tsawo. Katangar mita 20 da kanta yake kan sifili, ƙarshenta kan 480, manhaja za ta ce maka tsawonta ya ɗan haura mita 480. Wannan da sauƙi, kowa zai gane shirme ne. Mai haɗarin shi ne ƙarami: bango mai mita 4 da bambancin tsayi na mita 3 zai karanta mita 5, ba wanda zai yi zargi. Haka za a lissafa bulo da siminti da rodi a kan ƙarya, mai gini da ya tara kuɗinsa da guminsa ya biya. Haƙƙin mutum ne wannan, wallahi abin yana damuna.

Wasu kuma na cewa wanda ya karɓa ya buga FLATTEN kawai, umarnin da ke sauko da komai kan shimfiɗa ɗaya. Shi ya ɓata? Kuma FLATTEN yana taɓa abubuwan da ba a ce ya taɓa ba, yana sauya layuka, yana haifar da sababbin bulok (abubuwan da aka ɗaure wuri ɗaya a zane) masu wasu sunaye. Gyara na mutunci sai mai zanen, don shi ya san abin da ya kamata ya sauka da abin da ya kamata ya zauna a tsayinsa. Ka ware kowane iri da umarnin zaɓe na QSELECT, ka danna Ctrl+1 allon bayanansu ya buɗe, ka mayar da Z na farkon layi da na ƙarshensa sifili, na tsakiyar da'ira haka, na rubutu haka. Bulok kuwa sai ka shiga cikinsa da BEDIT, don sau da yawa ɓarnar a ciki take kwance. Ka gama, ka sake kallo ta gefe: in ba layi ɗaya miƙaƙƙe ka gani ba, ba ka gama ba. Ka duba Z kafin ka tura, ko kai wane ne, ko shekara nawa ka yi a harkar.

Su ma masu koyar da yara a shagunan kwamfuta ina da magana da su. Wata uku yaro yana biyan kuɗi, an koya masa LINE da OFFSET da TRIM, an ba shi satifiket, bai taɓa juya zane ya kalle shi ta gefe ba. Ga kuma masu turo fayil da sabon salon ajiya, alhali sun san rabin ofisoshinmu tsohuwar manhaja suke da ita. Ka ajiye shi a na 2013 mana, kowa ya buɗe.